HeartSheet: yadda tseren ƙasashe ya sa Japan ta sayar da magani kafin a tabbatar yana aiki

A watan Yulin 2024 kwamitin ƙwararru na Ma'aikatar Lafiya ta Japan ya zauna a kan wani magani mai suna HeartSheet, na kamfanin Terumo, ya yanke cewa bai cancanci cikakken izini ba saboda ba a ga shaidar yana amfani ba. Kamfanin ya dakatar da sayar da shi nan take. A lokacin maganin ya kusa shekara tara da samun izinin wucin gadi. An buɗe ƙirjin mutane masu ciwon zuciya mai tsanani an ɗora musu shi, a kan farashin yen miliyan 14.76 kowane mutum, wajen dala 120,000 ke nan a canjin 2015, kuma inshorar lafiya ta ƙasa ce ta ɗauki mafi yawan kuɗin. Ba wanda ya karya doka a cikin wannan al'amari. Dokar ce ta ba da dama, kuma da saninsu aka rubuta ta haka, a daidai lokacin da Japan ke ganin wasu ƙasashe na neman tsere mata a fagen da ɗan ƙasarta, Shinya Yamanaka, ya buɗe.

Abin da ake ɗorawa a kan zuciya

HeartSheet na cikin abin da ake kira likitancin sabunta sassan jiki, wato a yi amfani da ƙwayoyin jiki masu rai a gyara sashen da ya lalace, maimakon ƙwaya ko allura ta sinadari. Farfesa Yoshiki Sawa na Jami'ar Osaka ne ya jagoranci binciken. An yi shi ne domin wanda jijiyoyin zuciyarsa suka toshe har tsokar ta gaza, magani da tiyatar da aka saba duk ba su wadatar ba, kuma kason jinin da zuciyarsa ke turawa a kowane bugu ya sauko zuwa kashi 35 cikin ɗari ko ƙasa. A lafiyayyen mutum kason yakan kai 55 zuwa sama.

Aikin hawa-hawa ne. Likita zai yanko tsoka giram 2 zuwa 5 daga cinyar majiyyacin, a aika wa kamfani. Can za a ware ƙwayoyin da ke sabunta tsoka, a reno su na makonni har su yi yawa, a daskarar da su a mayar wa asibiti. Ana gab da tiyata sai a narkar da su a zuba a wasu faranti na musamman, waɗanda Teruo Okano na Tokyo ya ƙirƙiro. An shafe cikin farantin da wani sinadari mai riƙe ƙwayoyin muddin zafi na kan digiri 37, da zarar an sauke zafin ƙasa da 32 sai ya sake su. Ƙwayoyin sukan ɗago gaba ɗaya a manne da juna, falle guda mai laushi kamar yanar da ke kan dafaffiyar madara, ba tare da an sa sinadarin da ke tsinka su ba. Falle biyar ake yi, kowanne da ƙwayoyi miliyan 60. Daga nan a sa wa mutum maganin barci, a buɗe ƙirjinsa ta gefen hagu, a shimfiɗa su a kan zuciya.

Ƙwayoyin cinya ba sa rikiɗa su zama tsokar zuciya, kuma ba sa daɗewa a wurin. Fatan da ake yi shi ne, kafin su mutu za su fitar da sinadaran da ke sa sabbin ƙananan jijiyoyin jini su tsiro. Tunani ne mai ma'ana, amma tun kafin nan akwai dalilin yin taka-tsantsan. A 2008 aka buga sakamakon gwajin MAGIC a Turai, ƙarƙashin Philippe Menasché na Faransa, inda aka yi wa mutane allurar irin waɗannan ƙwayoyi kai tsaye a tsokar zuciya, aka kwatanta su da waɗanda aka yi wa allurar da ba komai a ciki. Mutum kusan 100 ne, an raba su ta ƙuri'a. Ƙarfin bugun zuciya bai ƙaru ba, kuma an fi ganin rikicewar bugu a waɗanda suka karɓi ƙwayoyin. Shimfiɗa falle ba ɗaya ba ne da allura, wannan gaskiya ne, sai dai duk mai son tabbatar da cewa sabuwar dabarar ta fi, nauyin kawo hujja mai ƙarfi na wuyansa.

Hujjar da aka kawo mutum bakwai ce. Ba rukunin kwatance, wato waɗanda ba a ɗora musu ba da za a kwatanta da su. Bayan mako 26, a ma'aunin da aka ɗauka a matsayin babban mizani, biyar cikinsu zuciyarsu ba ta ƙara lalacewa ba, biyu ta ƙara. Waɗannan biyar su aka lissafa a matsayin waɗanda maganin ya karɓa. A watan Satumbar 2015 aka ba da izini.

Inda gaggawar ta samo asali

Sai an koma 2006 za a gane dalili. A shekarar Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ya nuna cewa idan aka cusa wa ƙwayar fatar ɓera ƙwayoyin gado huɗu, za ta koma kamar ta ɗan tayi, mai iya zama kowane irin sashe na jiki. A 2007 ya maimaita da ƙwayoyin mutum. Su ne ake kira iPS. A 2012 ya sami kyautar Nobel tare da John Gurdon na Ingila. Japan ta ɗauki wannan a matsayin dukiyar ƙasa, kuma ta ji tsoron abin da ta sha gani: a yi bincike a gida, wasu su kwashe ribar a waje.

Tsoron ba na banza ba ne. Tun 2004 jihar Kalifoniya kaɗai ta ware dala biliyan 3 domin binciken ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin da ke iya rikiɗa su zama wasu ire-iren ƙwayoyin jiki. Tarayyar Turai ta yi dokarta ta musamman a 2007. Koriya ta Kudu, maƙwabciya kuma abokiyar hamayya a kasuwa, ta ba da izinin maganin ƙwayoyin tushe mai suna Hearticellgram a 2011, ta ƙara da Cartistem da Cupistem a farkon 2012, tana alfahari da cewa ita ce ta farko a duniya. Japan kuwa kayan ƙwayoyin jiki biyu kacal ta amince da su har zuwa lokacin: fatar da ake renowa domin masu ƙuna a 2007, da guringuntsin gwiwa a 2012. An daɗe kuma ana kukan cewa sabon magani kan yi shekaru a Amurka da Turai kafin ya iso Japan.

Da Shinzo Abe ya dawo mulki a ƙarshen 2012, ya sa wannan fage cikin ginshiƙan farfaɗo da tattalin arziki. A Janairun 2013 gwamnati ta yi alƙawarin yen biliyan 110 cikin shekara goma. A Nuwamban shekarar majalisa ta zartar da dokoki biyu, suka fara aiki ranar 25 ga Nuwamba, 2014.

Ta farko ta gyara dokar magunguna, ta buɗe sabuwar ƙofa ta izini mai sharaɗi da wa'adi. A tsarin da duniya ta saba, magani kan bi matakai uku: na farko a duba ko yana cutarwa, na biyu a nemi alamar amfani da adadin da ya dace, na uku a gwada a kan mutane da yawa da aka raba gida biyu ta ƙuri'a. Mataki na ukun shi ne mai tsada, shi ne kuma maƙabartar magunguna da yawa da suka yi kyau a mataki na biyu. Sabuwar dokar ta ce kayan ƙwayoyin jiki, idan an tabbatar ba sa cutarwa kuma ana kyautata zaton suna amfani, a ba su izinin sayarwa har zuwa shekara bakwai. Cikin wa'adin kamfani ya tattara bayanai daga masu saye, ya dawo neman cikakken izini. Idan ya kasa, izinin ya faɗi.

Masu goyon bayan tsarin suna da hujjoji, kuma bai kamata a raina su ba. Maganin da ake haɗa wa kowane mutum daga jikinsa ba ya fitowa iri ɗaya kamar ƙwayar farasitamol. Masu irin wannan ciwo ba su da yawa. Ƙananan kamfanoni kan mutu kafin su kai ƙarshen mataki na uku. Sannan ba abu ne mai sauƙi ba a buɗe ƙirjin mai ciwon zuciya a rufe ba a sa komai ba, don kawai a sami abin kwatance. Duk wannan haka yake. Matsalar ita ce hanyar da aka zaɓa ta sa samun amsar ya ƙara wuya.

Dalilin da ya sa shaidar ba ta zuwa

Sharaɗin da aka gindaya wa Terumo shi ne cikin shekara biyar ya kawo bayanan mutum 60 da aka ɗora wa maganin, a kwatanta da mutum 120 masu irin ciwon da ba a ɗora musu ba, a ga ko mace-macen da zuciya ke jawowa sun ragu. A takarda wannan ya yi kama da gwaji. A aikace akwai ramuka uku.

Na farko, ba ƙuri'a. Likita ne ke zaɓar wanda za a yi wa aikin, kuma ba zai zaɓi wanda jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba. Haka kuma yana iya yiwuwa waɗanda suka yarda da aikin su ne waɗanda dabara ta ƙare musu. Ko ta wane ɓangare abin ya karkata, rukunan biyu sun bambanta tun kafin a taɓa su, don haka duk bambancin da aka gani a ƙarshe ba a san na magani ne ko na zaɓe ba. Masana lissafi na da dabarun daidaita rukunai, amma abin da aka auna kaɗai suke iya daidaitawa.

Na biyu, da zarar hukuma ta sa hannu kuma inshora na biya, wa zai yarda a jefa masa ƙuri'a? Majiyyaci zai ce a ba shi abin da gwamnati ta amince da shi. Likitan ma zai ga hana shi kamar tauye haƙƙi ne. Izinin da kansa ya toshe hanyar gwajin da zai tabbatar da shi.

Na uku, mutane ba sa samuwa da sauri. Asibitoci ƙalilan ne suka cika sharuɗɗan yin aikin, kuma likitocin zuciya da dama ba su gamsu su tura majiyyatansu ba. A 2018 aka ƙara wa kamfanin shekara uku saboda adadin bai taru ba. A Satumbar 2023 ya shigar da takardun neman cikakken izini, kuma bayanan ba su nuna waɗanda aka ɗora wa maganin sun fi sauran tsira ba.

Akwai batun kuɗi da ya kamata a tsaya a kai. A tsarin da aka saba, kamfani ne ke biyan kuɗin gwaji, wanda ya shiga gwaji ba ya biyan ko sisi, kuma an gaya masa ƙarara cewa ba a san ko abin na aiki ba. A nan an juya lissafin. Asusun inshorar jama'a ne ya biya, majiyyaci ya biya kasonsa har iyakar da doka ta sa, kamfani ya karɓi kuɗi a kan abin da bai tabbatar ba. Cinikin biri a sama ke nan, da kuɗin masu biyan haraji da jikin marasa lafiya. Mujallar kimiyya ta Nature ta yi wannan gargaɗi a sharhinta tun Disambar 2015.

HeartSheet ba shi kaɗai ba ne. Collategene na kamfanin AnGes, maganin ƙwayoyin gado domin toshewar jijiyoyin ƙafa, ya sami irin wannan izini a Maris ɗin 2019, a Yunin 2024 kamfanin ya janye takardar neman cikakken izini ya daina sayarwa. Amma wanda ya fi tayar da ƙura shi ne Stemirac na kamfanin Nipro da Jami'ar Likitanci ta Sapporo, wanda aka amince da shi a Disambar 2018 domin masu rauni a laka. Ana zuƙo ɓargon mutum cikin wata guda da samun raunin, a reno ƙwayoyin, a mayar masa ta jijiya, a kan yen miliyan 15 ko kusa da haka. Mutum 13 aka gwada, 12 suka sami ci gaba. Adadin na da ban sha'awa har sai an tuna cewa masu raunin laka da yawa kan sami sauƙi da kansu a watannin farko, yayin da kumburi ke sauka kuma ana gashi. Waɗannan watannin ne daidai aka ba da maganin. Ba a buga sakamakon a mujallar kimiyya ba sai 2021. Ma'aikatar Lafiya ta kare kanta da cewa zuƙo ɓargon mutum sannan a ba shi ruwan da ba komai a ciki ya saɓa wa ɗa'ar likitanci. Wannan hujja ba ta da ƙarfi a nan kamar yadda take da shi a tiyatar ƙirji, domin ana iya daskarar da ƙwayoyin rukunin kwatance a ajiye musu.

Gwaji na ƙwarai kuma yana yiwuwa a Japan ɗin. Kamfanin Healios ya gwada ƙwayoyin MultiStem na kamfanin Athersys na Amurka a kan mutum sama da 200 masu shanyewar ɓarin jiki, da ƙuri'a, ba likita ba majiyyaci ba wanda ya san abin da aka ba wa. A 2022 sakamako ya fito, maganin bai cimma babban mizanin da aka sa ba. Labarin ba daɗi, amma an same shi ba tare da an sayar wa kowa ba.

Yadda wasu suka bi sahu

Dokar Japan ta zama sandar da masu neman sassauci ke ɗagawa a ko'ina: in ba mu yi ba, kamfanoni da masu bincike za su koma Tokyo. A Amurka, Sanata Mark Kirk ya gabatar da ƙudurin REGROW a 2016, wanda zai ba da izinin sharaɗi ba tare da mataki na uku ba. Babbar ƙungiyar masu binciken ƙwayoyin tushe ta duniya, ISSCR, ta fito ta yi adawa, kuma abin lura ne cewa masanan fagen da kansu suka ƙi. Ƙudurin bai wuce ba. Abin da ya wuce shi ne tsarin RMAT cikin dokar da Obama ya sa wa hannu a Disambar 2016: kamfani na samun ganawa da hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, da wuri, ana hanzarta duba takardunsa, amma ba a cire buƙatar hujja ba. Turai ma ta fito da tsarin PRIME a Maris ɗin 2016 a kan irin wannan tunani.

A Asiya kuwa an fi kusantar samfurin Japan. Taiwan ta buɗe wa asibitoci damar wasu jinyoyin ƙwayoyin jiki a 2018, a Yunin 2024 ta yi dokoki biyu masu izinin sharaɗi na shekara biyar. Koriya ta Kudu ta zartar da tata dokar a Agustan 2019, 'yan watanni bayan ta soke izinin Invossa, allurar gwiwa da aka gano cewa wasu ƙwayoyin cikinta ba na guringuntsi ba ne kamar yadda aka rubuta, daga layin ƙwayoyin ƙoda suke. A 2024 ta ƙara sassautawa, kuma babbar hujjar da aka riƙa kawowa ita ce dubban 'yan Koriya na tsallakawa Japan neman jinya kowace shekara, suna kai kuɗinsu can. Japan ta sassauta don tana kallon Koriya, Koriya ta sassauta don tana kallon Japan. Masu bincike Douglas Sipp da Margaret Sleeboom-Faulkner sun bayyana wannan gangarowa a mujallar Science a 2019.

Ƙofa ta biyu

Doka ta biyu ta 2013 ba ta shafi kamfanoni ba, asibitoci da masu bincike ta shafa. Tushenta ma na da alaƙa da ƙetare iyaka: a 2010 wani dattijo ɗan Koriya ya rasu bayan an ɗura masa ƙwayoyin tushe a wani asibiti mai zaman kansa a Kyoto, gudan jini ya toshe masa huhu. Dokar ta kasa jinyoyi gida uku. Masu haɗari sosai, kamar iPS da ƙwayoyin wani mutum daban, sai kwamiti na musamman ya duba, sannan a jira kwana 90 ma'aikata ta yi nazari. Matsakaita, kamar ƙwayoyin tushe daga kitsen mutum ko ɓargonsa, kwamiti na musamman ya duba a miƙa takarda. Masu sauƙi kuwa kwamiti na gama-gari ya isa.

Ta kawo tsari inda da babu, har an kama mutane a 2017 kan ɗura jinin cibiya ba rajista. Sai dai abin da ta fi dubawa shi ne tsaro, asibiti ne ke zaɓar kwamitin da zai duba shi kuma shi ke biyansa, sannan sunan jinyar na fitowa a jerin ma'aikata. Asibiti sai ya ɗauki wannan ya sa a talla kamar tambarin gwamnati. A Yunin 2024 aka gyara dokar, aka ba hukuma ikon shiga ta binciki kwamitocin.

Wannan ya shafi duk mai neman jinya a waje, ko daga Kano ko daga Maraɗi, domin kalmar "an amince da shi a Japan" na iya nufin abu uku mabambanta: cikakken izini, izinin sharaɗi da ba a tabbatar da amfaninsa ba, ko rajistar takarda kawai. Kafin a sayar da gona ko gida, a tambayi wanne ne cikin ukun, mutum nawa aka gwada, da wa aka kwatanta su, kuma a ina aka buga sakamakon. Kada kuma a haɗa wannan da dashen ɓargo da ake yi wa masu sikila da sankarar jini, wanda ke da shaidar gomman shekaru a bayansa.

Hukuncin Yulin 2024 ya nuna ƙofar fita na aiki: hukuma ta iya cewa a'a ga babban kamfani na gida da fitaccen farfesa. Amma ƙofar shiga na nan yadda take. A cikin watan ne aka ba Akuugo na kamfanin SanBio izinin sharaɗi domin masu rauni a ƙwaƙwalwa. A Afrilun 2025 kuma kamfanin Cuorips, wanda ya tsiro daga binciken Farfesa Sawa, ya shigar da takardar neman izinin wani sabon falle na zuciya, wannan karon daga ƙwayoyin iPS da aka mayar tsokar zuciya ta gaske. Mutum takwas aka gwada shi a kansu, ba rukunin kwatance.